Lotsawar da Baba Ya Ƙi Gyarawa

Ana cikin karin kumallo Auta ya shigo da motarsa tsakar gida, matarsa Malama na gefensa, idonta jawur. Mahaifinsa, wanda ya shekara talatin yana gyaran jikin mota, ya ajiye kofin shayi ya zagaya gaban motar.

"Katanga na goga, Baba. Ka ɗan buga min kafin azahar."

Baba ya shafa lotsawar, ya dubi gilashin da ya tsage.

"Katanga ba ta hawa kan gilashi, Auta. Wa ka kaɗe?"

Malama ta fashe da kuka. "Wani mai keke ne, Baba. Ba wanda ya gani! Ka rufa mana asiri, wata huɗu fa da aurenmu!"

"Kun tsaya?"

"Tsoro na ji," in ji Auta.

Mahaifiyarsa ta fito daga kicin. "Haba Malam! Ɗan cikinka ne fa! Guduma biyu ta kashe maganar."

"Shi mai keken daga bishiya ya faɗo?" Baba ya sa hularsa. "Ni zan tuƙa. Mu nemo asibitin da aka kai shi, daga nan sai ofishin 'yan sanda."

Mai keken ya rayu, da karaya a ƙugu. Kotu ta yanke wa Auta ɗaurin wata tara.

Malama ta daina gaishe da surukinta. Tata uwar kuma ta sa ta a gaba: "Uban da ya miƙa ɗansa, ke me zai bar miki? Tattaro ki dawo, a karɓar miki takardarki!"

Ta haɗa akwati. Ranar ziyara ta tafi gidan yari don ta faɗa wa Auta da bakinta. A kan benci ta tarar da Baba, leda a cinyarsa: sabulu, wankakkun kaya, maganin sauro.

"Tsohon nan har mu yake riga zuwa," in ji gandiroba.

Auta ya rame, amma yana kallon mutum cikin ido.

"Ki daina fushi da shi, Malamata. Cewa ya yi ba zai yi min ƙarya ba, kuma ba zai yar da ni ba. Da ya gyara motar nan, da har in mutu ina tsoron ƙwanƙwasa ƙofa."

Ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Tana komawa gida ta zazzage akwatin.

Ranar da aka sako shi, ta durƙusa gaban surukinta.

"Baba, na gode. Ka yafe min."

"Tashi, 'yata. Ni ɗana ne, ba ni da inda zan kai shi. Ke kuwa ƙofar tafiya a buɗe take, amma kika zauna. Ni ne da godiya."

Rufin asiri daban, binne gaskiya daban. Uba nagari ba ya tare wa ɗansa hukunci, amma ba ya barinsa ya ɗauka shi kaɗai.