Takalman da Ke Ƙofar Haikali

Ranar wata Asabar da hantsi, a tsakiyar dutsen da ke bayan gari, tafin takalmin wata budurwa ya ɓalle ya wangale baki kamar kada.

Wani saurayi da ake kira Guguwa na saukowa a lokacin. Shi har ya kai ƙololuwa ya juyo, sauran masu hawan ko rabi ba su yi ba. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana yaro, don ba ya zama wuri ɗaya. A aji uku ya bar makaranta. Ya yi faci, ya yi gyaran waya, ya bi manyan motoci, daga ƙarshe ya buɗe shagon gyaran takalmi wanda kowa ke jiran ranar rufe shi.

Ya tarar da ita zaune a kan falalen dutse, ta riƙe takalmin tana harararsa.

"Harara ba ta ɗinki," ya ce. "Miƙo."

"Kai ne wa?"

"Likitansa."

"Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban taɓa ganin likita da basilla a aljihu ba."

"Yau kin gani."

Ya ɗinke shi tsaf da zare ruwan ɗorawa, don shi kaɗai ke aljihunsa. Yana miƙa mata ya juya zai wuce, sai ta ce, "Au, ka ɗinka ka gudu? In ya sake ɓallewa fa?"

Dole ya koma sama tare da ita. Hawan da yake yi cikin minti arba'in, ranar sai da ya ci awa biyu, don duk inuwar da ta gani sai ta tsaya sun gaisa. Kafin su sauko ya sa mata suna Sannu-sannu.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Sannu-sannu, kin kai gida, ko sai jibi?"

Ta amsa: "Na kai. Kai ne nake tsoron sauri ya sa ka wuce ƙofar gidanku."

Wata shida suna hawan dutsen nan duk Asabar kafin ya je gaban mahaifinta. Baba tsohon malamin tarihi ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi a falo tsakanin littattafai. Ya saurari Guguwa har ya gama, sannan ya cire tabarau.

"Ba makarantar da ka bari ce ta dame ni ba. Na koyar da waɗanda suka yi digiri ba su yi hankali ba. Amma ka bar makaranta, ka bar faci, ka bar waya, ka bar mota. Mutumin da ya bar abu huɗu, me zai hana 'yata ta zama ta biyar?"

"Baba, ba zan yi maka rantsuwa ba. Ka dai sa mini ido."

"Ido ina da shi. Gwiwa ce babu."

Akwai kuma Mai Tikiti, ɗan abokin Baba, mai ofishin sayar da tikitin jirgi, wanda shi ma yake zarya gidan. Wata rana ya faka mota a ƙofar shagon Guguwa, ya ajiye masa takalma ruwan ƙasa masu maɓallin tagulla.

"Ka canza musu dunduniya, ka goge da kyau. Gidan Baba za ni."

Guguwa ya yi aikin kamar na sarki. "Ga su nan. Takalmi dai ya yi kyau, saura mai shi."

Ba a jima ba likitoci suka ce sai an yi wa Baba aikin gwiwa a ƙasar waje. Mai Tikiti ya shirya takardu, Sannu-sannu ta tafi jinya. Wata biyu kullum suna saƙo. Ana saura mako su dawo, wannan ya shigo:

"Guguwata, yau mun je wani tsohon haikali a kan tsauni, ɗakin bautar mutanen ƙasar. Matakala saba'in! Dole a cire takalmi a ƙofa, daɓen sanyi kamar ƙanƙara. Tsohuwar da ke gadin takalma ta yi ta juya nawa tana yaba ɗinkinka da hannu, don ba ma jin yaren juna. Duba ka gani."

Hoto ya biyo baya. Ga takalmanta da zarensa ruwan ɗorawa. A gefensu, kafaɗa da kafaɗa, ga wasu ruwan ƙasa masu maɓallin tagulla. Ko cikin dubu zai gane su, da hannunsa ya buga musu dunduniya.

Ya kife wayar. Ashe Mai Tikiti ba takardu kaɗai ya shirya ba, har da kansa ya shirya. Kwana uku saƙonta na shigowa bai buɗe ba. A na huɗu ya fara zuba basilla da guduma a buhu, don wani direba da ya sani ya ce akwai gurbi a motarsa.

A haka yayarsa ta same shi. Ya nuna mata hoton.

"To, Guguwa ta tashi," ta ce. "Tsohon nan bai yi ƙarya ba ke nan."

"Yaya, takalmansa ne. Ni na gyara su."

"Ni ban san takalmi ba. Amma kai da kake cika mana baki wai kana karanta mutum daga takalminsa, karanta mini wannan. Ko karatun ma a aji uku ka bar shi?"

Ya fizgi wayar ya buɗa hoton sosai. Ya ƙura masa ido. An take bayan takalman sun kwanta kamar silifa. An sassauta maɓallin har ramin ƙarshe. Gefen na hagu ya cinye, alamar mai shi yana jan ƙafa. Mai Tikiti kuwa da cokali yake sa takalmi don kada bayansa ya lanƙwashe. Wannan ƙafar tsoho ce, kuma a kumbure take.

"Baba ne," ya ce a hankali.

"Sannu, likita."

Ya rubuta wa Sannu-sannu gaskiya duka, har da buhun. Amsarta ba ta zo da wasa ba:

"Ranar tafiya ƙafar Baba ta kumbura, nasa suka ƙi shiga. Mai Tikiti ya cire nasa ya ba shi a filin jirgi don neman suna, ya koma mota da safa kawai a ƙafarsa. Shekara talatin Baba yana koyar da haikalin nan a littafi, shi ya sa na lallaɓa shi ya hau. Kwana uku, Guguwa. Hoto ɗaya ya sa ka ɗaure kaya. Me zan ce wa Baba?"

Ya amsa: "Ki bar mini, ni zan faɗa masa da bakina. Na kwance kayan. Ki ɗora ƙafarsa a takarda ki zana mini, ki ajiye abin awo a gefe ki turo."

Ranar da suka dawo ya je da takalma masu taushi, masu faɗin baki, na hagu ya ɗan fi na dama. Ya durƙusa ya sa wa Baba da hannunsa, sannan ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba.

Baba ya motsa yatsunsa a ciki. "Likita ya ce in riƙa tafiya. Na hau tsaunin wasu, ban taɓa hawan dutsenmu ba. Asabar za ka kai ni."

Ranar Asabar ɗin Mai Tikiti ma ya zo, da fararen takalman gudu sababbi fil. Tun a gindin dutsen ya yi gaba yana ɗaukar kansa hoto, can ya dawo yana haki ya ce yana da baƙi a ofis.

Guguwa ya tsaya a bayan Baba, taku ɗaya tsakaninsu. Baba ya tsaya, ya tsaya. Baba ya zauna ya ba da tarihin wata bishiya, ya zauna ya saurara. Ƙafafunsa na ƙaiƙayi kamar ya taka tururuwa, amma ko sau ɗaya bai shiga gaba ba. Sannu-sannu na gefe da gorar ruwa tana danne dariya. Sai da rana ta take suka kai.

Baba ya zauna ya kalli garin a ƙasa. "Sau nawa na tsaya?"

"Ashirin da uku, Baba."

"Ashe kana ƙirgawa. To goma na gwiwa ne. Sauran naka ne." Ya dubi takalman ƙafarsa. "Wanda bai taɓa ɗaure kaya ba, ban san me zai yi ba ranar da ransa ya ɓaci. Kai na ga ka ɗaure, na ga ka kwance. Ka turo manyanka."

Sannu-sannu ta rufe fuska da mayafi. Guguwa ya durƙusa ya yi godiya a hankali, karo na farko a rayuwarsa ba ya sauri.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yaya ta fi kowa rawar kai, tana ce wa duk wanda ta gani, "An ɗaure Guguwa da zare!"

Da shekara ta zagayo suka hau jirgi su biyu, shi karonsa na farko. Matakala saba'in ɗin nan, a bayanta ya hau su. Tsohuwar mai gadin takalma tana nan, kuma zaren ta fara ganewa kafin fuskar. Suka jera takalmansu a ƙofa, Guguwa ya ɗauki hoto ya tura wa Baba.

Suna tsaye a kan daɓen mai sanyi amsa ta shigo:

"Na gani. Wannan karon ba sai an buɗa hoto ba, kowa ya san masu su. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya sa duk inda ɗaya ya cire takalmi a ga na ɗayan a gefensa. Ku sauko a hankali."