Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

"Baffa, me ka ce wa Alhaji Masahudu a masallaci?"

Ko sallama bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya shigo ɗakinmu na Sanaiya, unguwar ma'aikata a Doha, don ƙofar ba ta kai tsawonsa ba. Abokan kwanana suka dube shi, suka dube ni, suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya.

"Zauna mana, Dogo..."

"Ba zan zauna ba! Me ka ce masa?"

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla a masallacin Asian Town, wannan Alhaji Masahudun, wani dattijo ɗan Gana, ya riƙe hannuna. Ya nuna min Dogo daga nesa, ya ce, "Malam Ɗalhatu, wancan mai ƙwallon ɗanka ne?" Ni kuwa na ba shi amsar da nake ba kowa tun yaron yana goye.

"Na ce kai ɗan yayana Dikko ne," na faɗa a hankali.

Ya dafe kansa da hannu biyu. "Innalillahi! Baffa, ka san ko waye shi? Kawun Nasiratu ne, yarinyar da nake nema da aure! Shi ne waliyyinta a nan. Bincike yake yi a kaina!"

Na zauna a bakin gado.

Dogo ne ɗana na fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya cewa nasa ne. Haka mahaifina ya yi wa Yaya Dikko. Ana yaye Dogo aka kai shi gidan Yaya a Kaduna, ya tashi yana ce masa Baba, ni kuma Baffa. Sunansa Ghali. Ina iya rubuta shi, amma bakina bai taɓa furta shi ba.

"Na gaya musu ubana yana nan Doha yana aikin gadi, ban ɓoye ba," ya ce. "Yanzu Alhaji ya ce ni maƙaryaci ne, ko kuma akwai abin da ya sa ubana ke guduna. Ya ce zai kira Kumasi ya ce a ba wani ita."

"Kunya ce kawai, Dogo. Ka san al'adarmu..."

"Na san ta! Ranar da muka ci kofin ƙwallon kwando na makarantun sakandare, kowane uba ya shigo fili, kai ka tsaya bayan katanga, na gan ka. Da na samu gurbin kwaleji a Amurka, direban tasha ne ya rungume ni, kai agogonka kake dubawa. Shekarun da na yi can cikin sanyi, in na kira sai ka ce, 'To madalla, ga Yaya.' Aka yi min aiki a gwiwa a Tunisiya, ina kwance ni kaɗai. Kulob biyu suka neme ni bayan na warke, na zaɓi na Doha saboda kana nan. Duk na shanye, Baffa. Amma Nasiratu... ita ba zan iya ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, nan take muryarsa ta yi laushi.

"Hasken raina, daina kuka... Don Allah daina. Ina zuwa."

A bakin ƙofa ya juyo. "Asabar ne wasanmu na ƙarshe. Wani kulob a Japan yana jiran amsata. In na rasa ta, zan tafi, kuma ba na jin zan sake waiwayo kowa."

Ya fita. Ina so in ce masa duk wasan da ya buga tun daga Amurka na kalle shi a wayata, na lulluɓe da bargo kada a gan ni. Ina so in ce ranar da aka yi masa aiki azumi na yi. Na zauna ina jin takunsa yana nisa.

Washegari na nemi garejin Alhaji Masahudu. Na same shi a kan benci yana shan shayi, yaransa na ƙarƙashin wata babbar mota. Na durƙusa, ni da furfurata.

"Alhaji, kuskure na yi. Yaron nan... nawa ne."

Ya ajiye kofin. "Juma'a ba naka ba, yau naka? Shi ya roƙe ka ka zo?"

"Wallahi babu wanda ya aiko ni. Ɗan fari ne, kunya ce ta sa."

"Malam, mu ma a Zongon Kumasi mun san kunya, kakata ta yi. Amma a ƙofar masallaci na tambaye ka, ka dubi idona ka ce a'a. 'Yar ƙanwata amana ce a hannuna. To shi ke nan, abu mai sauƙi. Yaya sunan ɗan naka?"

Na buɗe baki.

Allah shaida ne, sunan yana kan harshena. Na ji shi, yana da nauyi kamar dutse. Na ga fuskar mahaifina, na ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa.

"Dogo... muke ce masa."

Alhaji ya yi murmushin takaici, ya ɗauki kofinsa. "Khalas, magana ta ƙare, Malam. Allah ya kiyaye hanya."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Abinci ya ƙi shiga. Ina tsaye a bakin aiki a wani babban kanti a unguwar Gharrafa, sai in ga ina motsa leɓe ina gwada sunan, da wani ya matso sai in haɗiye. Na kira Dogo, bai ɗaga ba. Na sake kira, a kashe.

Ranar Alhamis wata yarinya ta tsaya a gabana, da kayan ma'aikatan asibiti a ƙarƙashin abayarta. Idanunta sun kumbura. Ta rusuna har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ni ce Nasiratu."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. "Tashi, 'yata, tashi. Ki yafe min."

"Ba laifi na zo ɗora maka ba, Baba. Ni na san ɗanka ne, kunnuwanku ma iri ɗaya ne." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. "Kullum sai ya yi maganarka. In ya jefa ƙwallo ta shiga, wajen masu gadi yake fara kallo, ko kana ciki."

Na juya kai don kada ta ga idona.

"Na roƙi Kawu ya zo wasan Asabar. Ya ce zai zo don kada in ce bai yi min adalci ba, daga nan maganar ta mutu. Baba, ina son Ghali... Ban san me za ka yi ba, amma don Allah ka yi wani abu!"

Kamfaninmu ne ke ba da masu gadi a zauren wasan. Kullum ina guje wa aikin in kulob ɗinsu ne zai buga. Wannan karon na je na roƙi mudir, shugabanmu a wurin aiki, ya sa sunana.

Aikin yana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Mai gadi yana tsayawa a bakin fili ne ya ba wa 'yan wasa baya, fuskarsa na kallon 'yan kallo. Ko me ya faru a bayanka, ba naka ba ne. Wanda ya juya, a ranar zai ajiye riga.

Haka na tsaya. Alhaji da Nasiratu suna sama kaɗan da ni, shi ya harɗe hannu, ita tana murza gefen mayafinta. A bayana ina jin ƙarar takalma, da bugun ƙwallo, da usur. A fuskarta nake kallon wasan. In ta yi tsalle, ya ci. In ta ciji leɓe, ya ɓarar. Mai sanarwa yana ta kiran sunansa da ƙarfi, Larabawa da 'yan Filifin suna amsawa. Duk zauren na kiran sunan ɗana, ban da ni.

Ana dab da tashi na ji wani irin tim! Zauren ya yi tsit.

Nasiratu ta miƙe, hannu biyu a baki. Sai na ji ƙara a bayana. Muryar nan na san ta tun daren da aka haife shi, ina tsaye a bayan ɗaki ina yi kamar ba ruwana.

Ban san lokacin da na juya ba.

Yana kwance ƙarƙashin kwando, ya riƙe gwiwar nan da aka yi wa aiki, yana birgima.

"Ghali!"

Na tsallake allon talla, hulata ta faɗi. Mudir yana ihu da Larabci wai in koma, "Ya Dalhatu! Irja!" Abokan aikina biyu suka riƙe ni, na fizge.

"Ku sake ni! Ɗana ne! Waladi! Ghali! Ghali, ga ni nan!"

Na zube a gabansa, na ɗora kansa a cinyata. Rabona da taɓa kan nan tun yana jariri, shi ma a ɓoye. Likitan kulob yana duba ƙafar, ni ina shafa gumin goshinsa ina kuka kamar yaro.

"Sannu, Ghali. Sannu, ɗana. Allah ya sa ni ne ba kai ba..."

Ya buɗe ido, yana cije haƙora don zafi, amma sai da ya yi murmushi.

"Baffa... ashe ka san sunan?"

"Ni na zaɓa maka shi, ja'iri."

Aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, na bi su hannuna cikin nasa. A hanyar fita mudir ya tare ni ya miƙo hannu. Na cire rigar aikin na ba shi, ko kallonsa ban yi ba.

Muna ƙofar ɗakin likita aka fito aka ce gwiwar ta bugu ne, ba ta sake yagewa ba, sai dai hutu. Nasiratu ta durƙushe tana hamdala. Sai ga Alhaji Masahudu yana tahowa a hankali, hulata a hannunsa. Ya kaɗe ta, ya miƙo min. Ya leƙa ɗakin, ya nuna gadon da haɓa.

"Malam Ɗalhatu, wancan mai ƙwallon, ɗan waye?"

Na share fuskata da bayan hannu.

"Ɗana ne, Alhaji. Ɗana na fari. Sunansa Ghali."

Ya kalle ni, idonsa ya yi ja.

"To, uban Ghali," ya ce, "Juma'a bayan salla ka zo min da goro."