Kabarin da Okello Ya Nome

Da-som na yanka kabeji a kicin, sai mahaifiyarta, Sun-rye, ta dire kwano ta ce, "Ba da yawuna ba. Duk samarin garinmu Andong ki rasa miji sai baƙin mutum daga Uganda?"

"Mama, kullum da asuba kina coci kina yi wa mutanen Afirka addu'a. Ɗaya ya zo ƙofarki kuma…"

"Addu'a daban, suruki daban. Ba ni da ɗa namiji. In na mutu, baƙo ne zai kula da kabarin ubanki?"

Da-som ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Okello, malamin Turanci mai kaɗa ganga a cocinsu, amma ba za ta yi aure ba sai da albarkar uwa. Shi kuwa cewa ya yi, "Mu jira, Ubangiji ba ya makara." Shekara biyu yana gaida tsohuwar a bakin coci, tana amsawa da ka kamar mai ciwon wuya.

Da bikin girbi ya matso, lokacin da 'ya'ya maza ke hawa dutse su nome kaburburan iyaye, Da-som da uwarta suka hau da laujensu. Can suka tarar da Okello jiƙe da gumi. Sau ɗaya Da-som ta taɓa nuna masa inda kabarin babanta yake daga cikin mota, shi ne ya yi sammako bai gaya wa kowa ba. Ya share tudun kabarin tas.

"Mama, na gama na Baba," ya ce, ya rusuna.

Tsohuwar ta dubi kabarin, ta dube shi.

"Wannan na tsoho Gwon ne," in ji ta. "Shekara ashirin yana rigimar iyakar gona da mijina, yau ga shi ya samu aski kyauta."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Sai ta kama hannun Okello, ta ga tafin duk ya yi bororo. Ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta nuna wani tudu da ciyawa ta rufe.

"Ga surukinka can. Zo ka gaishe shi, mu yi addu'a."

Mahaƙurci mawadaci. Ashe ba launin fata ke mai da mutum ɗa ba, zuciya ce, ko da ta ɓata hanya.