Kiran Ƙarfe Bakwai da Kwata

Ƙarfe goma saura aka bugo waya ofishin 'yan sanda, an tsinci gawar wani dattijo a ƙasan matakalar benensa. Insfekta ya ajiye biro ya ɗauki hula.

Ɗakuna shida ne a ƙasa, duk na 'yan haya, mai gidan shi kaɗai a sama. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, da kuɗin sallamarsa ya gina wurin ɗaki-ɗaki. Matakalar ta baya take, ba mai bi sai shi da baƙinsa, shi ya sa aka daɗe ba a gan shi ba.

Insfekta ya tsuguna kusa da gawar. Ƙeya a fashe take. Kumatun dama an aske shi tas, na hagu kuwa gashi na nan, kumfar sabulu ta bushe a kai.

Da ya fito, sai ya tarar da wani mutum yana auna bangon gidan da tef.

"Kai kuma fa?"

"Dillali ne, ranka ya daɗe. Sammako ake ce mini."

"Gawa na ciki kana awo?"

"Yallaɓai, a garin nan gidan haya ba ya kwana. Kafin a ce na sayarwa ne an saye. Ina da mai kuɗin da ya shekara yana jiran irin wannan."

"Wa ya ce maka za a sayar?"

Sammako ya naɗe tef ɗinsa. "'Yarsa. Ita ta kira ni da safe."

'Yar marigayin malamar makaranta ce, ita kaɗai ya haifa. 'Yan haya biyu sun ce jiya sun ji tana ɗaga wa uban murya kan sayar da gidan. Kafin azahar babban jami'in ofishin ya ce a tsare ta, gobe a kai ta kotu.

Insfekta ya zauna gabanta, ya bar ta ta gama kuka.

"Mun yi faɗa, ba zan ɓoye ba," ta ce. "Cewa na yi ya sayar ya dawo wurina. Na ce masa wata rana matakalar nan ce ajalinsa. Da bakina na faɗa, yallaɓai."

"Kin kira dillali?"

"Ko lambarsa ba ni da ita."

"Baba da kansa yake aski?"

"Hannunsa rawa yake, kofi ma da kyar yake riƙewa. Kawu mai aski ke zuwa masa duk Laraba. Abokinsa ne tun kafin a haife ni."

Ranar kuwa Laraba ce.

Shagon mai askin kujera ɗaya ce da madubi mai tsagewa. A ƙofar an liƙa takardar sabon mai ginin, kowa ya kwashe kayansa ƙarshen wata.

"Yau ban je ba," in ji mai aski. "Baya ya riƙe ni. Sai labari na ji. Allah ya jiƙan mutumin kirki."

Insfekta ya janyo jakar da mai askin yake zuwa gidaje da ita. Ya taɓa tawul ɗin ciki, ya ji danshi.

"Ba ka fita ba, amma tawul ya jiƙe?"

"Jiya ne bai bushe ba."

Insfekta ya yi masa ta'aziyya ya fita.

Da la'asar rahoton likita ya iso. Dattijon bai mutu da faɗuwar ba, ya kai wajen ƙarfe tara da rai. Da an kai shi asibiti da wuri, in ji likita, da wataƙila ya tashi.

Aka kawo Sammako ofis. Insfekta ya miƙa hannu.

"Wayarka."

Babu lambar malamar a ciki. Akwai kira ɗaya, ƙarfe bakwai da kwata, an ajiye sunan mai kiran da "Aski".

"Me ya sa ka ɗora wa marainiya?"

Sammako ya share gumi. "Yallaɓai, sana'ar ce haka. Mai gyaran famfo, mai gadi, mai kemis, mai aski, su ke shiga gidajen mutane. Su ke sanin wanda ya tsufa, wanda zai tashi, wanda 'ya'yansa suka gaji. Duk wanda ya riga kawo mini labari, shi ke da kaso a la'ada. In na tona ɗaya, gobe wa zai sake buɗe mini baki?"

"Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi gidan direba ya faɗo kasuwa, in hanzarta."

Da aka shigo da mai aski, Insfekta ya ajiye wayar da rahoton likita gabansa, ya karanta masa lokutan biyu a hankali.

"Mai sayen ya yi mini alkawarin shago a gaban gidan," in ji tsohon. "Shekara talatin da ɗaya ina wancan, ga shi an kore ni. Ina cikin yi masa aski na sake tayar da maganar sayarwa. Ya miƙe ya ce ashe ni ma ɗan leƙen asirin dillalai ne, in fita masa a gida. A bakin matakala ya riƙe mini jaka. Na ture hannunsa. Hannun kawai na ture."

"Da ka sauko yana numfashi?"

"Yana yi. Na ciro waya, wallahi asibiti zan kira. Sai na tuna mai kemis ma na Sammako ne, mai gadi ma haka, kowa ya ji zai riga ni. Na ce minti ɗaya dai. Da na gama maganar, na ji abin da bakina ya faɗa, sai tsoro ya kama ni. Na ja ƙofa na tafi."

Insfekta da kansa ya je ya fito da malamar. A baranda suka haɗu da mai aski, ankwa a hannunsa, ɗan sanda na biye da shi. Ta tsaya.

"Kawu."

Bai ɗago ba.

"Kawu, Baba ya yi magana?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce in kira ki."

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ɗan sandan ya taɓa kafaɗar tsohon, suka wuce da shi.