Akwatin da Aka Rufe da Bisimilla

Motar ta zo da rediyonta tun daga kamfani, kuma lafiyarsa lau. Ana jin labarai, ana jin karatu. Amma maigidan ya ce muryar ta yi masa siriri, shi kiɗan da zai ji a ƙirjinsa yake so. Mutum mai shekara arba'in, da furfura a gemu, da 'ya mai shekara goma sha uku.

Wata Asabar ya ɗauko mai haɗa sauti har gida. Aka cire rediyon kamfani, aka ɓalle marafan ƙofofi aka sa sababbin sifiku, aka ja jar waya mai kauri daga batir ta bi ƙarƙashin kujeru har but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota. Saura akwatin katako na babbar sifika, wadda suke kira wufa. Mai haɗa sauti ya bi kowace kusurwa ya shafe da gam, ya ce idan iska ta sami ko kafar allura, sautin ya lalace. Ya ajiye akwatin a gindin katanga, baki buɗe, don gam ya sha iska. Nan akwatin ya zauna har rana ta yi ja.

Iya, mahaifiyar maigidan, ta fito da butarta.

"A tattara. Magariba ta yi."

"Sukuru takwas suka rage, Iya," in ji ɗanta.

"To tunda kunnen ƙashi gare ku, ba a rufe komai a gidan nan babu sunan Allah."

Ta tsaya a kansu. Duk sukurun da aka ɗaure, sai ta ce bisimilla da ƙarfi. Mai haɗa sauti yana dariya, ya ce, "Iya, gobe da ke za mu fita aiki." Ba ta ko dube shi ba.

Aka sa akwatin a but, aka kunna. Tagogi suka ɗauki rawa, kwanuka suka yi ta kaɗawa a kicin. Yarinyar tana wanke-wanke a bakin famfo, sai ta saki faranti, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. A daidai lokacin dutse na farko ya faɗo a kan but. Babu wanda ya ga inda ya fito.

Tun daga ranar, kowace magariba haka take. Maigidan zai karyo kwana da kiɗansa, ya shigo tsakar gida, ya kashe mota. Gidan ya yi tsit. Sai duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba a gilashi ba, ba a kwanon ɗaki ba, kullum a kan but. Bayan duwatsun, sai a ji wata murya ƙasa-ƙasa tana zagaya motar, irin ta mace mai lallashin yaro. Maigidan ya ce 'ya'yan maƙwabta ne, ya leƙa bayan katanga da sanda. Babu kowa a layin.

Yarinyar kuwa ta daina kwanciya a miƙe. Sai ta shige lungun bayan ƙofa, ta naɗe gwiwoyi a ƙirji, kai a sunkuye, kamar wadda aka cusa a wuri matsattse. Tana cewa warin gam ya ishe ta. Numfashinta ya koma gajere. An kai ta asibiti, an auna ƙirji, an ce ba a ga komai ba. A rana ta biyar uwarta ta kira ta sau uku daga bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba.

"Tun ranar da ka sa abin nan," uwar ta ce wa mijinta.

"Me ya haɗa sifika da ciwo?"

Iya ba ta tsaya jin gardamarsu ba. Ta yafa mayafi, ta je ta taho da malami mai ruƙiyya, wani tsoho marar yawan magana. Bayan la'asar ya iso. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta rarrafo ta cinye tsakar gida yana karatu. Da hasken ya fara mutuwa, yarinyar ta ɗago kai. Idanunta a buɗe, amma ba ita ce a cikinsu ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni." Muryar babbar mace ce, a dishe.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Tun ba a gina katangar nan ba muke zaune a inda gindinta yake. Ban taɓa ko ƙwayar hatsinsu ba."

"Me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Ɗana. Ya ga akwati a buɗe da magariba, ya shiga wasa. Suka rufe shi a ciki. Kwana biyar ana dukansa da tsawa, babu iska, babu ƙofa."

"Ke da kike ratsa bango, katako ne ya gagare ki?"

"Katako ba komai ba ne. Tsohuwar can ta ambaci sunan Allah sau takwas a kansa. Abin da aka rufe da sunan nan, ba mu buɗewa."

Iya ta dafa bango. Bisimilla ba laifi ba ce, kuma ba za ta taɓa zama laifi ba. Laifin na wanda ya bar abu a buɗe da magariba ne. Amma tsohuwar ta ji maganar har ƙashinta.

"Abin da ɗana yake ji, shi 'yarsu take ji," in ji muryar. "Numfashinsa ya kusa ƙarewa. Idan ya tsaya, nata ya tsaya."

Maigidan ya ruga ya ɗaga but, ya rarumi sukurdireba. Ya hau kwance sifikar. Sukuru uku suka fito, na huɗu kansa ya cinye, ƙarfen yana ta zamewa. Daga ɗaki ana jiyo numfashin yarinyar yana fita da ƙara, kamar ana jan zare ta ƙaramin rami. Sai kuma aka daina jin sa.

"Kai!" Iya ta daka masa tsawa. "Sifikar kake tausayi?"

Ta miƙo masa wuƙar kicin. Ya ce bisimilla, ya luma ta a tsakiyar sabuwar wufar, ya farke ta har gefe. Wata iska mai zafi ta fito ta wuce ta gefen fuskarsa. A ɗaki yarinyar ta ja numfashi mai tsawo, ta miƙe ƙafafunta.

Amma muryar ba ta tafi ba.

"Ya fito. Kunnensa na hagu ya mutu. Zan tafi da nata na hagu, mu yi daidai."

"Ba za ki tafi da komai ba," in ji malam. "Ba da gangan aka yi ba, kuma yarinyar nan ba ta ɗaure sukuru ko ɗaya ba. Ga abin da za a yi miki: babu kiɗa a gidan nan daga la'asar, kuma ba za a ƙara ajiye komai a gindin katangarki ba. Ki fita, ko in ci gaba da karatu."

Ana jin famfo yana ɗiga a tsakar gida.

"Ni na tsaya a kan rufewar," Iya ta ce daga bakin ƙofa. "In dole sai an ɗauka, ga nawa."

Malam ya katse ta: "Hajiya, yi shiru! Ba a ciniki da su da jikin mutum."

Yarinyar ta juya kai a hankali, ta daɗe tana kallon kakarta da idanun da ba nata ba. Sannan ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Uwarta ta durƙusa ta raɗa mata magana a kunnen dama, ta amsa. Ta raɗa a na hagu, ta amsa, har ta ce, "Umma, ai ina ji, yunwa nake ji."

Washegari maigidan da kansa ya kwance jar wayar daga batir. Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba.

Bayan kwana biyu, jikar ta zo ta gefen hagun Iya tana yi mata magana. Iya tana ta jan carbinta, ba ta motsa ba. Sai da yarinyar ta taɓa kafaɗarta ta juyo, ta dube ta, ta gyara zama ta ba ta ɓangaren dama.

"Tsufa ne," in ji ta. "Zagayo nan ki faɗa mini. Kuma kada in ji kin gaya wa ubanki."