Kunun Kanwar Mama Huseina

"Shanye shi tas, kar ki rage min ko kurɓi ɗaya!" Mama Huseina ta faɗa tana dangwarar da kwanon kunun kanwa a gaban 'yarta.

Ummukulthum ta dubi kwanon, idonta ya ciko da ƙwalla. Tun da ta zo wankan gida nan Sabon Pegi a Lafiya, haihuwarta ta fari, abin kenan kullum: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, sannan kunun da aka zabga wa kanwa kamar ba a san zafin kuɗinta ba.

"Mama, Dakta fa ya ce kar in sha..."

"Dakta ya ce, Dakta ya ce! Shi ya taɓa haihuwa ne? Ku bakwai na haifa, da wannan kunun na tashi. Sanyi ne ya shige ki, dubi ƙafarki yadda ta kumbura!"

Dakta Luqman, mijin Ummu, likitan tiyatar zuciya ne, kuma malami a asibitin koyarwa can Jos. Shekaru ya kwashe yana bincike a kan masu jegon da ake kawo masa zuciyarsu ta buɗe ta yi laushi, irin ciwon da wuƙarsa ba ta iya gyarawa. Ya bi ƙauyuka har Awe da Agyaragu yana auna mata, abin da ya gani kuma ya sa yake zargin yawan kanwa da zafin ruwan wanka suna ƙara wa zuciyar nauyi. Ya faɗi haka a gaban manyan farfesoshi sun tafa masa. Amma fa gidan surukai ba zauren taro ba ne.

Ranar Asabar ya iso da tsarabarsa yana fara'a. Yana shiga ɗaki fara'ar ta ɗauke. Ummu na zaune an tokare ta da filo, numfashi sama-sama. Ya danna yatsa a ƙaurinta, gurbin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Ummu! Kina sha ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Sori, Dakta. Ya zan yi? Uwata ce."

Wallahi da ya tsaya ya ja numfashi da ba a kai ga haka ba. Ina! Tsoro ya rufe masa ido. Ya suri kwanon ya fita tsakar gida, a gaban matan maƙwabta da suka zo barka, ya juye kunun a kwata.

"Guba ce wannan! Jahilci ne ke kashe mata a ƙasar nan!"

Mama Huseina ta miƙe a hankali.

"Ni ce jahilar? Ni zan ba 'yar da na haifa guba? To ka ji da kyau, Luqman. Fita min daga gida. Ke kuma, in kika bi shi kafin ki yi arba'in, ban yafe miki nonon da kika sha ba!"

Ummu ta fashe da kuka mai cin rai. Abin tausayi, yarinyar nan tana son mijinta kamar ta mutu, tana kuma tsoron bakin uwa. Da kyar ta lallaɓa zaure inda ya tsaya yana share gumi.

"Shiga mota mu tafi," ya ce. "Ummu, na ga ƙarshen ciwon nan da idona. Ba zan iya rasa ki ba."

"Ba zan fita da fushin Mama a kaina ba, ko da zan mutu."

"Kar ki ƙara faɗin haka!"

"To kai ma kar ka ƙara yi wa mahaifiyata lacca kamar ɗalibarka. Ba ƙina take yi ba, Dakta, iyakar abin da ta sani kenan. Ka gaya wa duniya bincikenka, ita ka taɓa zama ka nuna mata?"

Kunya ta kama shi, don gaskiya ta faɗa.

Bai koma Jos ba. Ya je ya samo magani ya aiko, Mama ta mayar. Washegari ya dawo, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar madafi cikin rana. Mama ta ci gaba da fifita wuta kamar ba ta san da mutum ba. Farfesan gobe guda, gwiwa a ƙasa, hayaƙi na shigar masa ido, bai motsa ba har ta gaji ta waiwayo.

"Me kuma ya rage ba ka zubar ba?"

"Mama, na yi rashin kunya, ki yafe min don Allah. Ba gardama na zo yi ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki saurara da kunnenki. Bayan nan duk abin da kika yanke na bi."

Da kyar ta bi shi ɗakin Ummu, ya fito da abin sauraron ƙirji na likitoci. Mama ta yi tsaki, amma Ummu ta ce, "Don Allah, Mama," sai ta bari ya saƙala mata a kunne. Ya miƙa mata bakin abin ta ɗora a nata ƙirjin.

"Me kika ji, Mama?"

"Daka ne na mutum biyu," ta ce a daƙile. "Tim-tim, tim-tim."

Ya mayar da shi ƙirjin Ummu. Mama ta kasa kunne. Can sai fuskarta ta sauya.

"Wannan ai lugude ne. Su uku ne, kuma sauri suke... Me ya sa yake haka?"

"Zuciyar ce ta gaji, Mama. Ruwa ya yi mata yawa, kanwa kuma ƙara riƙe ruwan take. In an tare shi yanzu, da yardar Allah za ta warke."

Mama ta zauna daɓas a bakin gado, hawaye na bin kuncinta.

"Innalillahi... Mairo. Ƙanwata Mairo haka ƙafarta ta yi a jegonta. Muka ce sanyi ne, muka ƙara wuta, muka ƙara kanwa. Ni da hannuna na dama mata na ƙarshe." Ta rarumo 'yarta ta ƙanƙame. "Ɗauke ta, Luqman! Na janye maganata, duniya da lahira. Tsaya ma, ina mayafina? Da ni za a tafi!"

Ummu ta daɗe tana shan magani, sai da jaririn ya fara tafiya kafin zuciyarta ta koma daidai. Ranar da Luqman ya gabatar da laccar zamansa farfesa, Mama Huseina na kujerar gaba, ba ta jin Turanci ko kaɗan amma ta fi kowa tafi. A unguwa kuwa, duk mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ita ke tasa ta gaba zuwa asibiti tana masifa.

'Yan'uwana matasa, ilimi ba ya ba mutum lasisin ɗaga wa iyaye murya. Haƙurin Ummu ya riƙe mata uwa da miji gaba ɗaya. Shi kuwa Luqman, gaskiyar da ya faɗa a tsaye ta kusa raba shi da matarsa, sai da ya faɗe ta a durƙushe sannan aka ji shi.