Meram da Rijiyoyi Bakwai

A kasuwar kifi ta Nguru Hajiya Shuhada ta fara jin maganar: wai a wani ƙauyen masunta kusa da Dagona akwai marainiya mai suna Meram, duk rijiyar da ta zura wa guga sai ta yi ambaliya. Wai kakar kakarta ce ta bar wata rijiya a buɗe, ruwa ya taso ya haɗiye gari guda, shi ne ya zama Tafkin Tulu. Hajiya, da ta yi shekara talatin tana shugabar makaranta, ta gyara tabarau ta ce sai ta gani da idonta.

Abin da ta tarar kuwa sai da ya sa ta hawaye... Tun ranar da jingar da ke tare ruwa ta fashe, shinkafar mutane ta nutse, aka hana Meram zuwa rijiya. Kawunta Sabitu ya kore ta, ya karɓe fadamar da ubanta ya bar mata, wai kada ta jawo wa fadamar ambaliya ita ma. Yarinya ta koma rakuɓe a zauren wata makauniya, ga ruwa ko'ina, ga ƙishi!

"Kaka, wallahi ko bakin tafkin ban taɓa zuwa ba," in ji Meram, hawaye shaɓe-shaɓe. "Na bar wa Allah."

Hajiya ta ce, "Bar masa, 'yar nan, amma ɗauko guga."

Da hantsi Hajiya ta riƙe hannunta suka bi rijiyoyin garin, bakwai cif. Mata suna leƙe, wasu har sun naɗe tabarmi sun ɗora a ka, suna jiran ruwa. Meram ta ja, Hajiya ta kurɓa, ta waiga ta tambayi wanda ƙafarsa ta jiƙe. A rijiya ta uku aka fara dariya, a ta biyar mata na miƙo bokitansu suna neman gafara.

Daga nan aka ɗunguma ƙofar Bulama, mai garin. Hajiya ta riƙa tambayar kowa a bakin wa ya ji labarin. Wannan ya nuna wancan, har yatsu suka tsaya a kan Sabitu. Ganin haka wani masunci ya yi ta maza, ya ce shi ya ga Sabitu da shebur yana yanka jingar don kifi ya shigo raminsa. Gumi ya karyo wa Sabitu. Bulama ya sa ya mayar da fadama nan take, ya kuma ɗaure jingar shi kaɗai. Guɗa ta kaure, makauniyar nan har da rawa, Meram na kuka tana dariya tana hamdala.

Sai Bulama ya rage murya ya ce, "To, Hajiya, shi tafkin fa?"

"Ina aji huɗu aka haƙa shi, kafin iyayenku su tare a nan. Ramin jar ƙasa ne na masu yin titin Gashua. Mahaifina ne direban tifar."